Abin da Mushe Sabi'u Bai Faɗa wa Yayarsa Ba

Duk wanda ya saba shiga kasuwar bisashe ta Birnin Ƙonni ranar Laraba ya san Mushe Sabi'u. Siririn mutum ne, dogo, mai tabarau ɗaure da zare a wuya, kullum da jakar fata a hammata. Ba ya sayar da dabba, ba ya dillanci. Aikinsa takarda. Shi ne sakataren ƙungiyar fataken dabbobi na garin, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki. Sunan Mushe, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ya manne masa ne tun lokacin da ya koyar a wata lakwal ta ƙauye, wato makarantar boko, kafin jiran albashi ya gajiyar da shi ya ajiye alli.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne da ke gefen Dogarawa. Yana da shekara shida uwarsu ta rasu, sai yayarsa Tsahara ta ɗauke shi ta tafi da shi ɗakin aurenta. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita ce ta tsaya kai da fata sai ya yi karatu. Da ya ci jarrabawar shiga kwaleji a Ƙonni, mijinta ya ce a bar yaro ya kama hauya kamar kowa. Tsahara ba ta yi musu da shi ba. Washegari ta ja akuyarta ta kai kasuwa, ta sayo wa ƙanen tabarma da takalmi da buhun gero, ta sa shi a mota.

Karatun bai kai shi inda ta yi fata ba, amma ya ba shi abin da mutanen kasuwa suke buƙata, wato ya iya karanta takardar gwamnati da Faransanci ya mayar da ita Hausar da kowa zai gane. A garin da ke bakin iyaka kuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta, shi ya riƙa zagayawa yana bayani. Da aka sake rufe ta bayan sauyin gwamnati a Yamai, motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin tayoyinsu, shi ne dai. Da aka hana fitar da hatsi waje, har 'yan kasuwar gero, waɗanda ba 'yan ƙungiyarsa ba, suka zo ya duba musu abin da dokar ta ƙunsa. Yana jin daɗin wannan matsayi, ba ya ɓoyewa. In ya sa tabarau ya buɗe takarda, manyan alhazai sukan yi shiru.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Barmo, shi ne babban falke a kasuwar. Kakanninsa daga Sakkwato suka zo, kuma motocinsa na kai raguna har Legas da Abijan. Ba mugun mutum ba ne a idon jama'a. Gidan da Sabi'u yake ciki da iyalinsa na Alhaji ne, bai taɓa karɓar ko dala ta haya ba. Duk Layya kuma yana aiko masa da rago.

Tsahara kuwa, tun da mijinta ya rasu ta koma kiwon turke. Bayan kaka takan sayi 'yan raguna balami, farare masu dogon kunne, ta ɗaure su a rumfa bayan ɗakinta. Wata bakwai tana musu hidima, dusa da harawa da ƙowar wake, ruwa da 'yar kanwa, wanka duk Juma'a. In Layya ta kusa, sun zama kamar maruƙa. Irin waɗannan raguna ba na talakan Ƙonni ba ne. Ko da naira ta faɗi, masu sayensu daga ƙetare suke zuwa, fataken da ke kai wa masu kuɗin manyan birane. Matan ƙauyen su goma sha huɗu suka bi sahunta, suka zama ƙungiya guda, kuma duk abin da Tsahara ta ce a kan saye da sayarwa shi suke bi. Ita ma, in magana ta shafi hanya da duwan, wato kwastan, da takardu, ƙanenta take tambaya.

A waccan shekara raguna huɗu ta ɗaure, kuma akwai abin da ta sa a gaba. Autarta Badi'a ta gama lise, wato sakandare, tana son shiga makarantar koyon aikin ungozoma a Tawa. Ragunan nan su ne kuɗin makarantar.

Cikin watan Afrilu, ana tsananin zafi, ƙungiya ta tura wakilai Tawa, babban birnin jiharsu, don su roƙi a rage kuɗin da ake biya a kan kowace dabba da za ta fita ƙasar. Alhaji Barmo ya ja gaba, Sabi'u ya rubuta takardar koke, shi kuma ya karanta ta a buro, wato ofishin gwamnati. An saurare su, an ba su ruwan sanyi, an ce za a isar da saƙonsu sama. Suna fitowa sai wani ma'aikaci, wanda suka yi kwaleji tare da Sabi'u, ya ja shi gefe ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro.

"Kuna ta wahala a kan kuɗin fita," in ji shi cikin raɗa. "Ni abin da nike ji, fitar ma gaba ɗaya za a tsaida kafin Layya, don rago ya yi sauƙi ga mutanen gida. Ba a sa hannu ba tukuna, amma magana ta yi nisa. Don Allah kada ka ce daga bakina ka ji."

A mota, kan hanyar komawa Ƙonni, Sabi'u ya raɗa wa Alhaji a kunne. Alhaji ya juyo ya dube shi.

"Mushe, wa ya ji bayan ni?"

"Babu kowa, Alhaji."

"To, shi tsaya hakanan. In maganar ga ta hita, gobe kowa zai kwaso dabbarshi shi zuba kasuwa, kuɗɗi su hwaɗi warwas. In kuma ba a yi dokar ba, mu za a ce mun ɓata kasuwa da ƙarya. Abokin naka ma sai an gano shi, shi rasa aikinshi. Ka ga amfanin haka?"

Sabi'u ya ga kamar maganar tana kan hanya. Ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji."

Amma tun daga wannan mako motocin Alhaji suka fara lodi, alhali a al'ada sai saura kwana ashirin Salla suke tashi. Lahadi uku a jere suna ƙetarawa zuwa kasuwar Illelar Najeriya. Takardun kowace mota kuwa, Sabi'u ne ya cike su da hannunsa ya kai duwan. In wani ya tambayi dalilin gaggawar, Alhaji yakan ce abincin dabba ne ya yi tsada.

Ana cikin haka, wata Laraba, Tsahara ta shigo Ƙonni a motar kasuwa. Ta same shi a 'yar rumfar da yake zama bakin ƙofar kasuwa, ta ajiye masa ƙullin ƙuli-ƙuli na yara, ta zauna a benci tana fifita da gefen mayafi. Bayan sun gaisa, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Wani falke ya zo garinmu shekaranjiya, ya ga ragunana. Ya yi tayi, kuma tayin ba laihi. Ya ce in na yarda, jibi shi turo a ɗauka. Matan nan ma duk ya taya nasu. Ni kuwa na ce, bari in ji daga bakin Sabi'u. In hanya lahiya lau take, gara mu jira goman ƙarshe kamar kullum, an hi samu. Mi ka gani?"

Sabi'u ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Kalma ɗaya ce ake buƙata, ya kuma san ta. Amma ya san yayarsa. In ya ce ta sayar, kafin la'asar matan nan goma sha huɗu sun ji, kafin jibi Dogarawa duk ta ɗauka, kuma kowa zai ce daga wurin ƙanen Tsahara maganar ta fito, sakataren Alhaji Barmo. Ya tuna gidan da yake ciki. Ya tuna 'ya'yansa biyar. Ya gaya wa kansa cewa ai ba a sa hannu ba, wataƙila ma ba za a sa ba.

"Yaya," ya ce, "ai kin fi ni sanin rago."

"Rago na sani. Takarda nika tambaya."

"Babu wata takarda da ta fito."

Bai yi ƙarya ba, kuma da wannan ya riƙa lallashin zuciyarsa a kwanakin da suka biyo baya. Tsahara ta yi murmushi ta ce, "To alhamdu lillahi, mun jira." Ya raka ta tasha, ya biya mata kuɗin mota, abin da bai saba yi ba, har ta yi masa tsiya ta ce ko Mushe ya yi arziki ne ba a sani ba.

Kwana tara bayan nan rediyo ta sanar. An hana fitar da shanu da tumaki da awaki da raƙuma daga ƙasar har sai abin da hali ya yi, don kasuwannin gida su wadata kafin Salla. Wanda aka kama, dabbobinsa sun tafi. Ranar Laraba aka miƙa wa Sabi'u lasifika, ya hau kan benci a tsakiyar kasuwa ya fassara dokar layi bayan layi, muryarsa ba ta ko yi rawa ba. Da ya sauko sai ya ga rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Ba kowa ne ya yi baƙin ciki ba. Maƙwabcinsa, wani mai gadin asibiti da ya shekara uku bai yi layya ba, ya tare shi a ƙofar gida yana dariya, ya ce bana kam yaransa za su ga jini a tsakar gidansu. Sabi'u ya taya shi murna, kuma da gaske yake. Dokar ba ita ce ke cin ransa ba.

Tun daren sanarwar ya so ya kira Tsahara, ya kasa. Ita ce ta kira shi da safe.

"Ka ji abin da anka yi muna?"

"Na ji, Yaya."

"Kai da ke cikin takardu ma ba ka sani ba, bare mu. Allah dai shi kyauta. Ka duba muna ko akwai wata hanya."

Ya duba, da iyakar ƙarfinsa. Ya zauna ya rubuta takardar koke mafi kyau da ya taɓa rubutawa, a madadin ƙananan masu kiwon turke, yana roƙon a ba su ko da mako biyu su fitar da manyan ragunan da ba su da masaya a gida. Ya bi ƙauyuka a kan babur ɗinsa, Dogarawa da Bazaga da rugagen da ke tsakani, mata suna dangwala yatsa. Alhaji Barmo ya sa hannu a sama ba tare da gardama ba, har ya ba da kuɗin mai. Sabi'u ya kai takardar buro da kansa, aka buga mata hatimi, aka ce a jira. Har Salla ta zo ba amsa.

Larabar ƙarshe kafin Layya, Tsahara da matan ƙauyensu suka yi hayar mota suka kawo ragunansu Ƙonni. Kasuwa ta cika maƙil, ko'ina fari fat. Masu saye suna nan, amma kowa matsakaicin rago yake nema. Mutane sukan tsaya gaban ragunan Tsahara su shafa bayansu, su ce tubarkalla, wasu har su ɗauki hoto da salula, sannan su wuce. Tun hantsi take tsaye riƙe da igiya har rana ta karkata. Sabi'u yana hango ta daga rumfarsa. Sau biyu ya aika mata da ruwa, bai iya zuwa da kansa ba. Da yamma ta saki biyu a kan abin da bai kai rabin tayin falken nan ba. Sauran biyun ta mayar gida, ranar jajibiri wani mahauci ya saye su da awon nama. Cikin matan, wata ta ba wani mutum ragonta ya bi da shi ta daji ya ƙetara. Ba ta sake ganin rago ba, ba ta sake ganin mutumin ba.

Ragon Alhaji ya iso gidan Sabi'u kamar kowace shekara. Ya yanka, aka yi suya, yara suna ta murna. Shi kuwa ko tsoka ɗaya bai iya haɗiyewa ba. Matarsa Samira ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce zafi ne kawai.

Washegarin Salla ya ɗaure cinya guda a bayan babur ya nufi ƙauye. An yi ruwan farko, mutane sun fita shuka. Ya tarar da Tsahara a bayan ɗaki tana share rumfar da babu komai a cikinta sai turaku huɗu. Badi'a ta kawo masa tabarma da fura, ta gaishe shi, "Kawu, ina gajiya," ta koma ciki. Bai ga alamar kuka a fuskarta ba, wannan kuwa ya fi yi masa nauyi.

"Yaya, zauna. Akwai maganar da zan faɗa miki."

Ta jingine tsintsiya ta zauna. Ya faɗa mata duka, tun daga bishiyar dogonyaro a Tawa, da maganar cikin mota, da takardun motocin Alhaji da ya cike da hannunsa. Bai rage komai ba, bai kuma nemi ya wanke kansa ba. Tana saurare tana kallon ƙasa. Da ya gama, ta ɗago kai ta dube shi.

"Ranar da na zo rumfarka, ka sani ke nan?"

"Na sani."

"Shi ya sa ka biya min mota."

Ya sunkuyar da kai.

"Da ka ce min 'saida' kawai, Sabi'u, wallahi ba ni tambayarka dalili. Yaushe na taɓa tambayarka dalili?"

"Na ji tsoron za ki gaya wa sauran matan."

"Ƙwarai kuwa da na gaya musu. Tare munka sayi dusa, tare munka ɗebo ruwa. In saida nawa in bar su? A nan kam ba ka yi kuskuren sanina ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Sun yi ta ba ni haƙuri, suna cewa ba laihina ba ne, tunda ko Mushe bai sani ba. Yanzu mi zan ce musu?"

Ya ce zai je ya gaya musu da bakinsa. Ta ce a'a, ya bar su da abin da suka sani, domin in suka ji, ita ce ba za ta iya shiga cikinsu ba. Ta karɓi naman ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo, ta tashi ta ci gaba da shara.

Bayan mako biyu Sabi'u ya sayar da babur ɗinsa. Ya kai kuɗin ƙauye a motar haya, ya ce na makarantar Badi'a ne. Ya yi zaton Tsahara za ta mayar masa. Ba ta mayar ba. Ta kira yarinyar ta ce, "Kawunki ya kawo miki gudummawa, yi mishi godiya." Aka haɗa da ɗan abin da ragunan suka bari, da wani zoben azurfa da Tsahara ta gada daga uwarsu, Badi'a ta tafi Tawa da aka buɗe makaranta. Ba ta san komai ba har yau. Duk sanda ta kira shi tana masa addu'a, sai ya ji kamar ya ajiye wayar.

Ya yi niyyar barin aikin ƙungiya. Har ya rubuta takardar murabus, ta yi kwana goma a jakarsa. Ranar da ya shiga wurin Alhaji Barmo da nufin miƙa ta, Alhaji ya riga shi magana, ya ce ya ji labarin asarar yayarsa, Allah ya mayar da alheri, kuma in rufin ɗakin yara yana yoyo a gaya wa magini ya zo ya duba kafin ruwa ya yi ƙarfi. Sabi'u ya ce, "Na gode, Alhaji." Ya fita, takardar tana nan a jaka bai miƙa ta ba. Har yanzu shi ne sakatare, yana zuwa kasuwa a ƙafa.

Cikin matan nan goma sha huɗu, shida sun bar kiwo. Tsakaninsa da Tsahara kuwa ba a yi faɗa ba, ba a yi gaba ba. In ya je ƙauye tana dama masa fura, tana tambayar Samira da yara ɗaya bayan ɗaya. Da ƙaramin ɗansa ya yi ƙyanda, ita ta zo ta yi kwana shida tana jinya. Amma in ya kawo zancen kasuwa ko iyaka, sai ta ce Allah dai ya sa mu dace, ta shiga wata magana.

Bayan kaka, Badi'a ta kira shi daga Tawa tana ba shi labarin darasin allura. A cikin hira ta ce, "Kawu, ka ga sababbin ragunan Inna? Biyu ta saya, ƙanana, irin na gida. Ta ce bana ba ta yin manya. Wai malamin lakwal na garinmu ya karanta mata wata takarda, ya ce gara ta yi wanda mutanen nan za su iya saye."

Sabi'u ya ce bai gani ba tukuna, amma shawarar malamin tana da kyau. Ya tambaye ta ko kuɗin abinci suna isarta, ta ce suna isa. Da suka yi sallama ya daɗe zaune a rumfa da wayar a hannu, har wani falke ya zo ya tsaya a kansa da takardar duwan, yana cewa, "Mushe, duba min nan, mi sunka rubuta?" Ya sa tabarau ya karɓa.